Mai Jifan da Wendell Bai Cire Ba

Akwai wani mutum a ƙungiyarmu ta wasan besbol na kan tebur, sunansa Wendell Pruitt. Yana zaune a wani ƙaramin gari a yammacin Pennsylvania, a gidan katako mai ɗaki biyu kusa da layin dogo. Shekarar da abin ya faru ta kwanta mini, ko tamanin da uku ce ko da huɗu. Na dai tuna lokacin kaka ne, don ganyaye sun fara zuba.

Wendell ya yi shekara talatin da ɗaya yana ba jiragen ƙasa alamar wucewa daga wata 'yar rumfa a bayan gari, shi kaɗai daga safe har yamma. Bai taɓa aure ba. Yayarsa da suke zaune tare ta rasu kafin ya yi ritaya. Ƙarar jirgi ta cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma sai an ɗaga murya, shi ya sa ba ya son waya. Maƙwabta suka gaji da maimaita masa magana, suka koma ɗaga masa hannu daga nesa.

Abin da ya rage masa a duniya shi ne akwatin wasiƙarsa da ke bakin titi.

Mu takwas ne a ƙungiyar, kowa a garinsa, yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskar juna ba. Kowa yana da 'yan wasansa, kowane ɗan wasa da katinsa mai ɗauke da jerin lambobi. Ka jefa 'ya'yan ludo uku, ka duba lambar da ta fito a katin mai jifan ƙwallo ko na mai dukanta, ka rubuta abin da ya faru. A besbol, mai duka yana dukan ƙwallo ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya fara, wato gida, shi ne maki ɗaya, idan kuma aka fitar da masu duka uku sai ɗaya ɓangaren ya karɓi duka.

Tunda ba ma haɗuwa, al'adarmu ita ce mai gida shi ke buga wasan gaba ɗaya, ɓangarensa da na baƙonsa. Baƙo zai aiko da takardar umarni ta gidan waya: wane ne zai fara jifa, wa zai canje shi, kuma yaushe. Mai gida ya zauna shi kaɗai ya bi umarnin, ya cika takardar sakamako da fensir, ya aika wa baƙo kwafi ɗaya, shugaban ƙungiya kwafi ɗaya. Babu alƙali, babu shaida. Duk abin da mutum ya rubuta, shi ne abin da ya faru.

Cikin mu bakwai da ke rubuta masa, wanda Wendell ya fi jiran ambulansa shi ne Orval Stasik, wani tsohon direban bas a Indiana. Shekara goma sha tara suna musayar wasiƙa ba su taɓa haɗuwa ba. Orval ba ya aiko da umarni haka kawai, sai ya cika gefen takarda da tsiya. Yakan fara da "Gaisuwa ga tsohon kurma," ya ba da labarin ciwon gwiwarsa da tumatir ɗin da ya shuka a bayan gida. Kusan kowace shekara kuma sai ya yi kukan abu guda: tunda yake wasan nan, bai taɓa ganin ranar da mai jifansa ya gama wasa cikakke ba tare da an samu ko duka ɗaya mai kyau a kansa ba, wato dukan da zai kai mai duka tasha. Irin wannan wasa mutum yakan yi shekaru bai gani ba. Uku daga cikinmu sun taɓa samu, Orval kuwa ko sau ɗaya.

Wendell yana adana waɗannan takardu a kwalin takalmi, kowace shekara da ƙullinta.

To, a waccan kakar, wasan ƙarshe na shekara ya faɗo tsakaninsu, a gidan Wendell. Wanda ya ci shi zai je wasan kofi. Wendell bai taɓa zuwa ba.

Umarnin Orval ya iso ranar Litinin. Ya sa babban mai jifansa, wani kati mai suna Rufus Tilley, ya fara. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe, har ya ja layi biyu: da zarar Tilley ya gaji a cire shi, a sako mai rufe wasa, kada a jira. Mai rufe wasan nan kuwa, mai jifan da ake ajiyewa don ƙarshe, babu kamarsa a duk ƙungiyar. Idan ya shigo a zagayen ƙarshe, sai dai mutum ya fara tattara katunansa.

Bari in faɗi dokar gajiya, don a kanta komai ya rataya. Kowane mai jifa yana da lambar juriya a kusurwar katinsa. Ta Tilley bakwai ce, wasa kuma zagaye tara ne. Ɗan littafin dokoki ya ce mai jifan da ya wuce lambar juriyarsa, da zarar ya bar mai duka ɗaya ya kai tasha, to ya gaji. Layi ɗaya ke nan, babu ƙari. Na koyar da tarihi shekara arba'in, na ga yarjejeniyoyin da suka fi wannan tsawo suka haddasa rigimar da ba ta kai ta wannan layin ba. Amma kada in bar hanya.

Wendell ya ɗumama miyar tumatir ta gwangwani, ya ci da biskit, ya wanke kwano, ya share tebur. Wajen ƙarfe ɗaya na rana ya shimfiɗa fili ya jera katuna.

Ɓangaren Orval ya samu maki ɗaya a zagaye na huɗu. Ɓangaren Wendell kuwa ko motsi. Mai duka ya zo, 'ya'yan ludo su faɗi, Tilley ya kore shi. Zagaye na shida ya wuce, na bakwai ya wuce, na takwas ma haka, babu wanda ya taka ko tashar farko. Wendell ya ce da ni daga baya, a lokacin ya manta cewa shi ake ci. Kofin da yake sha ya huce a gefe, yana ta magana da katin kamar mutum: daure, Rufus, saura kaɗan.

A zagaye na tara mutum na farko ya fita. Saura biyu.

Na biyu ya buga ƙwallo a ƙasa, mai sauƙi, ta nufi wani mai tsaron fili na Orval. Aka duba katin mai tsaron, lambar ta faɗa kan kuskure. Ƙwallo ta suɓuce masa, mai duka ya kai tashar farko.

Wendell ya ajiye 'ya'yan ludo ya ɗauko littafin dokoki.

Mutum ya kai tasha, wannan babu musu. Amma Tilley ne ya bar shi? Tilley ya yi aikinsa, wani ne ya zubar. Kuskuren mai tsaro ba a lissafa shi a matsayin duka mai kyau, wato abin da Orval ya yi shekara goma sha tara yana nema yana nan da ransa, saura mutum biyu kacal. Littafin bai ce komai ba a kan wanda ya kai tasha ta kuskuren wani. Wendell ya karanta layin sau biyar, ya duba bayan shafi, ya duba ƙarshen littafi. Babu.

Ya san yawancinmu kowa ya kai tasha muna ƙirga shi, ko ta wace hanya. Ya kuma san abin da al'ada ta ce a yi idan doka ta yi shiru: a bar katuna yadda suke, a rubuta wa shugaba, a jira amsa. Kwana goma ke nan zuwa da dawowa.

Ya tashi ya tsaya a taga. Ya hango kansa yana rubuta wa Orval cewa ga shi nan, tsoho, ka samu, a kan teburina kuma. A can ƙasan zuciyarsa akwai wani tunanin da bai so ya kalla ba, cewa ya fi masa sauƙi ya fuskanci Tilley a zagaye na tara da ya fuskanci mai rufe wasa.

Ya dawo ya zauna, ya yanke cewa Tilley bai gaji ba. Ya jefa.

Lambar ta fito a katin mai dukan Wendell, kuma ita ce mafi kyau a katin. Ƙwallo ta tsallake katanga, mutum biyu suka zagayo gida. Biyu da ɗaya, wasa ya ƙare, Wendell ya ci.

Ya daɗe zaune yana kallon 'ya'yan ludon. Jirgin kaya na ƙarfe uku ya wuce, tagogi suka girgiza, shi bai motsa ba.

Ya san yadda takardar za ta kasance a idon duk wanda ya karanta. Baƙo ya ce a cire mai jifa, mai gida ya ƙi cirewa, mai gida ya ci wasa ya tafi kofi. Ya kuma san gyaran ba wuya. Fensir ne. Ya goge suna ɗaya ya rubuta cewa mai rufe wasa ya shigo kuma a kansa aka yi dukan, shi ke nan, Orval ya zagi sa'arsa, magana ta mutu. Har ya ɗauko sabuwar takarda ya kwafe zagaye takwas a kai. Da ya zo na tara, hannu ya ƙi. Ya buɗe murhu ya jefa ta.

Ya aika da ta gaskiyar, ya haɗa da 'yar wasiƙa. Ya faɗi yadda ya karanta dokar, ya ce ya san ya kamata ya tsaya ya tambaya, bai tsaya ba. Bai roƙi komai ba.

Shugabanmu a lokacin Lyle Hostetler ne, mutum mai tsari, wanda ko waƙafi ba ya bari ya ɓata. Cikin mako ɗaya ya buga takarda ya rarraba mana. Ya ce ƙungiyar da ba ta da alƙali ba ta da abin da ta dogara da shi sai bin umarnin baƙo, wanda ya taka wannan ya taka komai. An dakatar da Wendell. Mu bakwai kowa ya aiko da ƙuri'arsa a katin gidan waya kafin ƙarshen wata, a kore shi ko a bar shi. Kafin nan kada kowa ya rubuta masa.

Haka aka yi. Wasiƙu suka ɗauke.

Kullum da ƙarfe goma sha ɗaya Wendell yakan sa rigar sanyi ya taka zuwa bakin titi. Ya buɗe akwati, ya samu takardar tallan kanti, wata rana ma ba komai. Ya rufe, ya tsaya kaɗan kamar mai duba yanayi, ya koma ciki. Mai kawo wasiƙa ya taɓa tsayawa ya tambaye shi da ƙarfi ko abokan nasa sun yi tafiya ne. Ya ce e, sun ɗan yi tafiya.

Ya tattara katunansa ya sa a kwali, ya ɗora a kan kabad. Da rana, lokacin da ya saba wasa, sai ya zauna a teburin babu komai a kai. Ya ce da ni bai taɓa sanin yammaci yana da tsawo haka ba. Sau biyu ya fara rubuta wa Orval, sau biyu ya yaga, don an ce a jira, shi kuwa rashin jira ne ya kai shi inda yake.

Ƙuri'u shida suka isa hannun Lyle, uku a kore shi, uku a bar shi. Tawa tana cikin ukun farko. Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka, sunayen ɗalibaina, har sunan titin da na girma, amma wannan ya ƙi zubewa. Saura ƙuri'ar Orval, shi kuma ya yi gum. Lyle ya rubuta masa sau biyu, babu amsa.

Ana saura kwana huɗu wata ya ƙare, da misalin ƙarfe biyu na rana, wata tsohuwar mota mai lambar Indiana ta tsaya a ƙofar gidan Wendell. Wani ƙaton tsoho ya fito da kyar yana dafa gwiwa, da ƙunshin takarda a hammata. Ya buga ƙofa, ba a ji ba. Ya zagaya ya buga taga.

Wendell ya buɗe ƙofa yana kallonsa, bai san shi ba.

"Kai ne kurman?" in ji baƙon da ƙarfi. "Na ɗauka za ka fi haka tsayi. Rubutunka na dogon mutum ne."

A nan Wendell ya gane. Ya ce ya shigo, akwai kofi mai zafi.

Orval ya shigo ya zauna a kujerar da ba wanda ya zauna a kai tun rasuwar yayar Wendell. Ya yi ƙorafin hanya, awa shida da rabi, ya ce titunan Pennsylvania maciji ne ya zana su. Ya kurɓi kofin ya ce a Indiana da irin wannan ake wanke injin bas. Wendell yana tsaye a jikin murhu, ya karkata kunnensa mai ɗan ji.

Sai Orval ya shimfiɗa takardar sakamakon a tebur, ya ɗora yatsa a zagaye na tara.

"Wa ya aike ka ka yi mini alheri? Na rubuta a cire shi, na ja layi biyu. Ko ido ma ya tafi ne?"

Wendell ya ce ido yana nan.

Orval ya ce ya yi mako biyu ba ya son ko jin sunansa. Ya ce ba rashin zuwa kofi ne ya ƙona masa rai ba, a'a, mai jifansa ne, shawararsa ce, wani ya zauna a wani gari ya yanke masa. Da an tambaye shi, wataƙila shi ma ya ce a bar Tilley, wataƙila ya ce a cire, amma da bakinsa zai faɗa.

"Tambaya ɗaya ta kawo ni," in ji Orval, "kuma ba ta shiga ambulan. Da ka bar shi, don ni ka yi ko don kanka?"

Wendell ya san amsar da za ta cece shi. Kalma biyu ce, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ya ja kujera ya zauna.

"Kwana ashirin da shida ina tambayar kaina," ya ce. "Na so ka samu wasan nan, Orval, Allah ya sani. Amma ina tsoron mai rufe wasanka, kuma na san ina tsoronsa lokacin da nake karanta dokar. Ban iya raba su ba. Duka biyun ne."

Orval ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Da ka ce don ni kaɗai, da yanzu ina cikin mota," ya ce. "Shekara talatin ina tuƙa bas, na san muryar mutumin da ya ce ya tsaya a jar fitila alhali bai tsaya ba. Sauko da katunan nan, tsohon banza. Za mu koma inda mai tsarona ya zubar da ƙwallo, ni zan riƙe nawa."

Suka jera komai yadda yake a ranar, mutum ɗaya a tashar farko, saura biyu a fitar. Orval ya ɗauki katin Tilley ya juya shi a hannu, ya yi masa kallon da ake yi wa tsohon abokin aiki, ya kife shi a gefe. Ya sako mai rufe wasa. Jifa biyu aka yi, mutum biyu suka fita. Ɗaya da babu, Orval ya tafi kofi.

Wendell ya ɗauki fensir ya rubuta sakamakon da hannunsa, ya tura wa Orval ya sa hannu a ƙasa. Bai je kofi ba a shekarar, bai kuma taɓa zuwa ba har ya bar duniya, Allah ya ji ƙansa.

Da hunturu ƙungiya ta zauna ta wasiƙa ta cike gurbin dokar, aka rubuta ko kuskuren mai tsaro yana gajiyar da mai jifa ko ba ya yi. Mun yi wata biyu muna gardama, ni kaina na rubuta shafi huɗu. Yau ko za a yanka ni ban tuna wanne muka zaɓa ba.

Amma ranar, kafin ya tashi, Orval ya zaro katin ƙuri'arsa daga aljihu, babu komai a kai tukuna. Ya karɓi fensirin Wendell ya rubuta wa Lyle layi biyu, ya karanta da ƙarfi yadda kurma zai ji: "A bar shi. Cikinmu takwas, shi kaɗai na tabbata abin da ya rubuta shi ne abin da ya faru a teburinsa."

Wendell ya tashi ya ɗauko kan sarki a aljihun tebur ya manna, ya sa rigar sanyi. Gidan waya yana rufewa ƙarfe biyar, kuma da ɗan nisa ga mai ciwon gwiwa, sai suka tafi a hankali.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum shawara a kan abinsa don kana ganin alheri kake masa, ka tsaya ka tambaye shi ko da amsar za ta daɗe. Idan kuma ka riga ka yi kuskure a inda babu mai ganinka, ka faɗe shi yadda yake, har da ɓangaren da bai yi maka kyau ba. Nasara za ta iya tafiya, amma mutanen da suka yarda da kai za su zauna. Wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman wanda ya daɗe bai ji daga gare ku ba.